Motar Yaya da Famfon da Ya Ɓoye

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin Talata Yaya ya cika, a ɗakinsa da ke Samaru. Mu uku ne a wurin: ni ƙanensa, da matarsa, da Faston majami'armu. Ɗansa yana hanya daga Kaduna, bai iso ba sai bayan mun rufe shi da zane.

Kamar minti goma kafin nan ya buɗe ido, ya yi wa Fasto alama ya matso. Muryarsa ta yi ƙasa amma ba ta rawa. Ya ce, "Ka zama shaida. Motata ce za ta kai ni maƙabarta. Kuma kada hannun bakanike ya taɓa ta."

Fasto ya ce ya ji. Ni kuwa na san abin da Fasto bai sani ba, sai na sunkuya na ce, "Yaya, to ina famfon yake?"

Ya dube ni ya ce, "Ba kai ne mai wayo ba? Nema."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan a duniya. Matarsa tana zaune a bakin gado, bai ce mata komai ba.

Sai in bayyana famfon nan tun yanzu, domin ba za a gane sauran ba sai da shi. Motar Yaya tsohuwar akori-kura ce, fara, mai buɗaɗɗen baya. Shekaru da yawa da suka wuce aka sace motar wani dattijo a ƙofar majami'a, ana tsakiyar sujada. A wannan makon Yaya ya yanke bututun da ke kai fetur daga tanki zuwa inji, ya sa masa ɗan ƙaramin famfo, ya ɓoye shi a inda shi kaɗai ya sani. Idan ya ajiye mota sai ya rufe. Wanda bai sani ba zai murza makulli, motar ta tashi lafiya, ta yi 'yar tafiya da ɗan man da ya rage a inji, sannan ta mutu. Daga nan ba za ta sake motsi ba sai an buɗe famfon. Wato wasiyyar da ya bari ba ta cikuwa sai an gano abin da ya ƙi faɗa.

Zuwa ƙarfe shida tsakar gida ta cika. Matan zumunta na majami'a suka shimfiɗa tabarmi suka fara waƙa. Maza suka zauna a waje a kan benci, kusa da rumfar kwano inda motar take a rufe da tampol. Na lura da abu uku a yammacin nan. Na farko, ba wanda ya jingina da motar, duk da ƙarancin wurin zama. Na biyu, duk wanda ya tashi yabonsa sai ya ce, "Mutum ne mai hannu," ya tsaya a nan, ya rasa abin ƙarawa. Na uku, matarsa ba ta yi kuka ba. Tana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya kamar mai karɓar baƙi ranar biki.

Wani maƙwabci, wanda sun fi shekara ashirin ba sa gaisawa da Yaya, ya kama hannuna ya ce, "Allah ya ba shi hutawa." Sannan ya ƙara a hankali, "Mu ma ya ba mu. Yanzu dai a iya shanya kaya kusa da rumfar nan."

Mutum ɗaya ce ta yi kuka na gaske, kuma ba mu san ta ba. Wata malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Ta ce wata rana da damina motarta ta mutu a hanyar Basawa, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, motoci suna wucewa ba mai tsayawa. Yaya ya tsaya. Ya kwanta cikin taɓo da kayan cocinsa, ya yi kusan awa guda a ƙarƙashin motar har ta tashi. Ta buɗe baki za ta yi godiya sai ya ce, "Malama, ke ko baro bai kamata a ba ki ba." Ya shiga motarsa ya tafi. Tana ba mu labarin tana dariya hawaye suna zuba. Na yarda da ita ba tare da tambaya ba, don na san Yaya ba ya wuce mota a hanya da bonet a buɗe. Yana da igiya da jakar kayan aiki a bayan kujera domin irin wannan. Zai gyara maka, zai zage ka, kuma ba zai tsaya jin godiyarka ba.

Ranar jana'iza an karanta tarihinsa, shafi ɗaya da rabi. Babu ƙarya a ciki, amma ba Yaya ba ne. Ba na so a manta da shi, kuma ba na so a riƙa tunawa da wani mutum dabam ana kiransa yayana. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan bi da bi, yadda na gani.

Ya girme ni da shekara takwas. Shi ya ɗauko ni daga ƙauye ya kawo ni Zariya, shi ya samo mini aikin sito a masana'antar da yake gyaran injuna a Chikaji. Duk abin da na zama, ta hannunsa ne. Na faɗi wannan a gaba don kada wani ya ce hassada ce ta sa ni rubuta abin da ke biye.

Asabar ranar mota ce. Ƙarfe shida na safe yake yaye tampol, ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya jera sifanu daga ƙarama zuwa babba. Kowace tana da ƙusarta a jikin wani katako, ya zana siffarta da fenti, don in ta ɓata a gani daga nesa. Sai ya duba ruwa, ya duba baƙin mai, ya kwance fulogai ya wanke da kalanzir, ya bi tayoyi ɗaya ɗaya yana cire tsakuwa da ƙusa. Ko motar ba ta da ciwo sai ya kwance wani abu ya mayar. Yakan ce, "Abin da ban kwance da hannuna ba, ban san shi ba." Cikin shekaru ya sake mata kusan komai. Ya ɗinka kujera da kansa. Ya ƙara batir na biyu. Tankin fetur ma ya cire na asali, ya ƙera babba a wurin aiki, ya sa shi a ƙarƙashin bayan motar ya rufe da faranti ya yi walda. Inji ne da idan yana aiki za ka iya ɗora kofin shayi a kansa ba ya zuba. Ban taɓa jin mota mai shekarunta da sauti irin nata ba.

Aiki ɗaya ne ba ya iya yi shi kaɗai, wato fitar da iska daga birki. Dole wani ya zauna a kujerar direba yana taka birki, shi kuma yana ƙasa yana buɗewa yana rufewa. Matarsa ce mai wannan aikin, fiye da shekara talatin. Ko tuwo ne a wuta sai ta bari ta zo. Daga ƙarƙashin mota za ka ji muryarsa: "Taka. Riƙe. Saki." In ta saki da wuri sai ya ce, "Ƙafa ma sai an koya miki?" Na taɓa lissafawa a raina, kalmomin nan uku sun fi duk sauran maganar da ya yi mata a zamansu yawa. Kuma duk zaman da ta yi a kujerar nan, bai taɓa barinta ta murza makulli ba. Wata Asabar na tarar da ita a ciki, na tsokane ta kamar yadda muka saba, ƙanen miji da matar wa. Na ce, "Matata, ina zuwa haka ba a ɗauke ni ba?"

Ta ce, "Legas, mijina. Shekara goma ina hanya, har yanzu ban fita daga rumfa ba."

Yaya ya ce daga ƙasa, "In hira za ku yi, ka ja ta ku tafi. Taka."

Ɗansa bai taɓa riƙe sitiyarin motar nan ba. Sai da ya kai shekara talatin ya koyi tuƙi, a Kaduna, a hannun baƙi.

Sau ɗaya tak bakanike ya taɓa motar, tun tana sabuwa a hannunsa. Wani mutum ne a Unguwar Gabas, iyayensa daga kudu suka zo amma shi a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tamu. Ina wurin. Yana kwance wani noti sai ya sa sifana da ta ɗan fi shi girma, bakin notin ya ɗan cinye. Yaya ya karɓi sifanar daga hannunsa, ya ɗaga ta sama don duk garejin su gani, ya ce, "Wannan ku ke kira maigida?" Sannan ya jefa ta cikin kwata, ya ce masa ya shiga ya ɗauko, wai can ya dace da shi. Mutumin yana da mata da 'ya'ya a lokacin. Tun daga ranar, in sun haɗu a kasuwa, bakaniken ne yake sake hanya.

Yanzu na zo ga ranar da ta sa duk wannan rubutu. Shekara goma sha bakwai ke nan. 'Yar Yaya, wadda ita ce ta fari, ta dawo gida goyon ciki, haihuwarta ta farko. Ranar Alhamis ce. Yaya ya tafi kasuwar Sabon Gari neman wani ƙarfe, kuma a bas ya tafi, domin ba ya kai motarsa kasuwa, wai masu tura kura za su goge mata fenti. Waya kuwa ba ya riƙewa a lokacin. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi aka aiko gidana, layi biyu tsakaninmu, cewa jini ya ɓalle wa yarinyar. Na zo da gudu. Makullin yana rataye a ƙusarsa. Na san akwai famfo, amma na ce a raina wataƙila yau bai rufe ba, tunda motar tana cikin gida. Muka shimfiɗa katifa a baya, muka kwantar da ita, uwarta ta riƙe mata kai. Na murza, ta tashi. Muka fita daga layi, muka wuce injin niƙa. Kafin mu kai babban titi ta yi tari sau biyu ta mutu.

Na shiga ƙarƙashinta. Na ɗaga kujera. Na yage tabarmar ƙafa. Na bi duk inda hannuna zai shiga. Uwar tana kiran sunana daga baya, tun tana kira da ƙarfi har ta daina. 'Yan acaɓa sun tsaya, amma ba yadda za a ɗora mai zubar da jini a babur. Minti arba'in muka yi a wurin, na duba agogo, kafin wata bas da ta sauke fasinja ta yarda ta ɗauke mu. Yarinyar ta rasu ana shigar da ita asibiti, da ita da abin da ke cikinta. Ban ce da motar ta tafi da ta rayu ba. Likita bai ce haka ba, ni ma ban sani ba. Minti arba'in ɗin dai na sani.

Yaya ya dawo wajen ƙarfe huɗu. An tare shi a hanya an gaya masa. Bai fara zuwa gida ba. Wurin motar ya fara zuwa, inda muka bar ta a gefen hanya. Waɗanda suke wurin sun ce ya umarce su su ja da baya su juya, sannan ya sunkuya, ya tashe ta, ya kawo ta rumfa ya rufe. Sai ya shigo inda muke zaune, ya tsaya a kaina ya ce, "Wa ya ba ka izini?"

Na ce, "Yaya, 'yarka ce."

Ya ce, "Ka yaga mini tabarma. Ka bar ƙofa a buɗe a bakin titi."

Ba zan ce bai ji mutuwar ba. Ya rame a watan nan har wandonsa yana zamewa. Bayan an binne ta ya yi kwana uku a ƙarƙashin motar, daga safe har yamma, ba ya cin abinci. Duk muka ɗauka cire famfon yake yi. Matarsa har ta kai masa kunu a rana ta uku, ta ce, "Sannu. Ka cire?" Ya ce, "Na sake masa wuri. Mutane sun ga ɓangaren da na sunkuya." Ta ajiye kunun ta koma ciki. Ban sake jin ta ta da maganar ba.

Sai makon mutuwarsa. An kai shi mutuware, ɗakin ajiye gawa, aka sa jana'iza ranar Asabar ƙarfe goma. Kwana uku muke da su.

Ranar Laraba ni da ɗansa muka yaye tampol. Ya zauna a kujerar ubansa karon farko. Motar ta tashi da murza ɗaya, ta yi minti biyu tana aiki a tsaye, ta mutu. Muka wuni muna nema. Bututu uku muka gani sun fito daga wajen tanki, duk sun shige cikin ƙarfen gindin motar inda ido ba ya kaiwa. Muka cire kujera gaba ɗaya, muka duba bayan fitilu, muka laluba cikin ƙofofi. Ranar Alhamis muka sake daga farko. Ɗan ya fito daga ƙarƙashi fuska duk baƙin mai ya ce, "Baba ƙarami, ko a mutuwa sai ya ba mu jarrabawa."

Ranar Alhamis ɗin da azahar matar Yaya ta fito zubar da ruwa, ta tsaya tana kallonmu. Ɗan yana laluben wajen taya ta baya. Ta ce, "Ba nan ba ne," ta wuce. Ɗan bai kula ba. Ni na kula. Na bi ta madafa na ce, "Matata, kamar kin san wani abu."

Ta ce, "Mijina, ajiye wasa. Gobe ka tara su, sau ɗaya zan faɗa."

Ranar Jumma'a ƙarfe biyu muka zauna a falo: ita, da ɗanta, da Fasto, da ni. Ba ta jira an tambaye ta ba.

"Na san inda yake. Shekara goma sha shida ke nan da na sani. Ni nake share motar, ni nake zama a ciki duk Asabar. Shekara guda na yi ina nema a ɓoye har na samu. Na nema ne don kada ranar nan ta sake maimaituwa a kan wani mai rai. Ban nema don gawa ba."

Ɗan ya ce, "Mama, to faɗa mana. Gobe ne fa."

Ta ce, "Ba zan faɗa ba."

Fasto ya gyara zama. Ya yi magana mai tsawo, kuma mai kyau, a kan gafara, da yadda ba a riƙe mamaci a zuci, da cewa shi aka sa shaida. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "Baba Fasto, kai ka binne 'yata. Ka taɓa zaunar da shi haka ka ce ya cire?"

Fasto ya ce, "Mama, mutumin ba ya jin magana."

Ta ce, "To ni ma yau ba na ji."

Ɗan ya durƙusa a gabanta. Ya ce mutane za su yi da su, ya ce ubansa ne ko yaya yake. Ta dafa kansa ta ce, "Ubanka ne. Ka ɗauke shi a ka, ka ɗauke shi a jirgi, ba zan hana ba. Amma motar da ba ta kai yayarka asibiti ba, ba da hannuna za ta kai shi kabari ba." Ta tashi ta koma wurin masu gaisuwa.

Ya rage gare ni. Na duba wasiyyar na ga kashi biyu ce: motar ta kai shi, kuma kada bakanike ya taɓa ta. Ba za a iya cika duka biyun ba. Na zaɓi a karya na biyu don a cika na farko. Ni na yanke, ba wani ba, kuma in akwai laifi nawa ne.

Ƙarfe huɗu na hau acaɓa zuwa Unguwar Gabas. Da gangan na je wurin wannan mutumin, don shi kaɗai na sani da ya saba da tsofaffin motoci irinta. Ya tsufa, yana zaune a kan benci, wasu ne ke aikin. Na gaya masa abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Shi ya aiko ka?"

Na ce, "Ya rasu ran Talata."

Ya ce, "Na ji. Shi ya sa na tambaya."

Ya miƙe daga benci. Sannan ya ɗauki jakarsa.

Ya yi kusan awa guda yana bin motar, yana shafa waldar da yatsa. Da ya miƙe ya ce, "Biyu daga bututun nan ƙarya ne, ya sa su ne don ɓatar da mutum. Na gaskiyar yana cikin ƙarfe, famfon kuma ban gano shi ba. In za a kai gare shi ko ga tankin, sai an yanka motar, kuma ba aikin yau ba ne." Ya goge hannu ya ƙara, "Mugun aiki ne, amma yana da kyau. Ban taɓa ganin walda irin wannan ba."

Na ce, "To ba hanya?"

Ya ce, "Akwai. Ba zai so ta ba."

Hanyar ita ce galan. Ranar Asabar da safe ya ɗaure galan na roba cike da fetur a kan rufin motar, ya ja tiyo daga bakinsa ya sauko da shi ta gefen gilashi ya shiga inji kai tsaye. Bonet bai rufu ba saboda tiyon, sai aka ɗaure shi da igiya. Igiyar Yaya ce, wadda yake jan motocin mutane da ita. Haka ake yi wa motar da ta lalace a daji don a lallaɓo ta gari. Yaya yakan tofa yawu in ya ga an yi wa mota haka.

Ƙarfe tara da kwata aka ɗora akwatin a baya. Ni na tuƙa. Bakaniken ya zauna a gefena, hannunsa ɗaya a waje yana riƙe da tiyo don kada iska ta fizge shi. Muka fita daga Samaru a hankali, ayarin motoci a bayanmu, warin fetur ya cika mana hanci. A Kwangila man ya kusa ƙarewa, dole muka tsaya a gefen tasha, ɗan Yaya ya hau bayan motar da kwat ɗinsa, ya tsaya kusa da akwatin ubansa yana ƙara mai daga jarka. Wani kwandasta ya leƙo daga bas ya ce, "Ikon Allah. Motar ma ƙarin ruwa ake mata. Ita da mai ita, wa ya riga wani?" 'Yan tasha suka kwashe da dariya. Ɗan bai ɗaga kai ba. Bakaniken ya kalli gaba, bai yi dariya ba. Muka isa majami'a a Sabon Gari, ƙarfe goma saura minti biyar.

Daga majami'a ta kai shi maƙabarta. Ta cika wasiyya. Matarsa ta zo a bas ɗin matan zumunta. Da aka ce iyali su zuba ƙasa, ta zuba nata daidai yadda ake yi, ta koma ta tsaya. Da muka dawo gida bakaniken ya kwance galan da tiyonsa, ya naɗe igiyar ya mayar bayan kujera inda ya same ta. Muka tura motar cikin rumfa da hannu. Matar Yaya ce ta ɗauko tampol ta rufe ta.

Yau kwana goma sha biyu da jana'izar. Motar tana nan, famfon yana rufe, ba ta faɗa ba. Ɗanta ya koma Kaduna ba tare da ya yi mata sallama ba. Kullum ana samun mai zuwa gaisuwa da zai zauna ya fara: wannan ya ce ta tsufa da riƙo, wancan ya ce ta kunyata mijinta a gaban 'yan tasha, wata ta jawo aya. Akwai ma masu tambaya don son ji kawai, wai ashe a ina yake. Ba ɗaya daga cikinsu da ya tsaya a bakin titin nan minti arba'in. Ni na tsaya, sitiyari a hannuna, don haka ba ni da bakin cewa ta yi kuskure. Kuma shi yayana ne, ya riƙe ni, ba ni da bakin cewa ta yi daidai.

Roƙona ga duk wanda ya karanta wannan, musamman 'yan uwa da 'yan majami'a da ba su riga sun zo ba: ku yi wa Yaya addu'a, yana bukata. In kun iso gidan, ku shiga ku gaishe ta, ku zauna kaɗan, ku sha ruwan da aka kawo muku. Kada ku yi mata wa'azin yafiya, kuma kada ku tambaye ta inda famfon yake.